Takardar Bayan Kabad

Shafi na 31

Masu cika min waya da saƙo tun da sassafe, na gani, Allah Ya bar zumunci. Ke kuma da kika ce in ban rama wa Tahani ba za ki fice daga zauren nan, dawo ki gyara zama. Wanda yau ya shigo, ga inda muke: Tahani ce mai gwajin jini a ƙaramin asibitin Kafar Nawwara, shekara tara tana aikin kwantiragin da ake sabuntawa duk shekara. Gurbin dindindin guda ɗaya tak ya fito, ba wanda ya ga sanarwarsa, sai wayar gari aka yi an bai wa Shirin, 'yar wan matar shugaban asibitin. Yau kuma kwamitin duba asibitoci zai iso daga babban birnin lardi.

*

Kwana uku ke nan asibitin yana warin fenti. Haka muke a nan, in aka ce kwamiti na tafe, bangon da ya shekara biyar yana zubar da ɓawo sai ya wayi gari fari tas. An aro zannuwan gado daga asibitin garin gaba, an aro tukwanen furanni daga makarantar 'yan mata, har kyanwar da ke kwana a ɗakin allura an sa ta a buhu an kai ta bayan gari.

A bakin ƙofa kuwa an kafa wata sanarwa mai girman tabarma, wai duk mai ƙorafi a kan aikin asibiti ya zo ya faɗa wa kwamiti, ƙofa a buɗe take. Tahani ta tsaya ta karanta, ta ja tsaki, ta wuce. Ashe sun iya rubuta sanarwa da manyan baƙi in sun ga dama.

Ta shiga ɗakin gwaji riƙe da gurasarta da ta cusa wa dafaffen wake, ko karyawa ba ta yi ba. Sai ta tarar da Baba Shahata mai fenti a tsaye tsakiyar ɗakin, buroshi a hannu, ya yi jugum.

An ce masa ya shafa iya inda ido ke kaiwa, ya zagaye duk abin da ke jingine da bango, kamar yadda aka saba. Amma tsohon nan taurin kai gare shi. Shekara arba'in yana fenti, ya ce shi ba ya aikin rabi da rabi. Shi ne ya sa kafaɗa ya ture ƙaton kabad ɗin ƙarfen da ake tara tsofaffin takardun gwaji, wanda tun zuwan Tahani asibitin ba ta taɓa ganin an motsa shi ba.

"Maman Ziyad, zo ki duba min wannan," ya ce da ita, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni ban iya karatu ba, amma na san hatimin mikiya in na gan shi. Takardar hukuma ce. Ban shafa mata fenti ba, ban taɓa ta ba. Ina da iyali."

Gaskiyarsa. A garinmu mutum zai iya zagin surukinsa a tsakiyar kasuwa, amma ba zai yaga takarda mai hatimin mikiya ba. Don haka Baba Shahata ya zagaye ta da fenti tsaf, ya bar mata faɗin yatsa huɗu na tsohon bango ta kowane gefe.

Tahani ta matsa. Ta karanta layin farko, sai ledar gurasar ta suɓuce daga hannunta.

Sanarwar ɗaukar aiki ce. Ana neman mai gwajin jini mutum ɗaya, aikin dindindin. Za a rufe karɓar takardu bayan kwana goma sha biyar. Kada shekarun mai nema su wuce talatin da biyar. A ƙasa ga sa hannun Dakta Midhat, shugaban asibiti, ga hatimi, ga kwanan wata: wata takwas da suka wuce.

A lokacin shekarunta talatin da biyar cif. Yanzu ta shiga ta talatin da shida, ƙofar ta rufe, kuma ba za ta sake buɗuwa ba.

A ɗakinta aka manna ta. A ɗakin da take wuni. Wata takwas tana zaune a kujerar nan tana ɗibar jinin mutane, takardar da za ta sauya rayuwarta tana bayanta, tsakaninsu bai fi taku biyu ba.

Ba rasa aikin ne ya fi ƙona mata rai ba. Ranar da ta ji an ɗauki Shirin, ta je ofishin Dakta Midhat tana kuka, ya miƙa mata takardar share hawaye, ya ce an manna sanarwa har mako biyu, ita ce ba ta duba bango. Kuma ta yarda. Wata bakwai tana zagin kanta, tana cewa sakacinta ne ya cuci 'ya'yanta. Ko mijinta Fathi, da ke kwance tun da ya faɗo daga saman gini bayansa ya taɓu, ba ta iya haɗa ido da shi in ana zancen. Dakta Midhat bai tsaya a sace mata aiki ba, sai da ya sa ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta.

Ba ta yi kuka ba. Kukan ya ƙare tuntuni. Wani irin sanyi ne ya sauko mata tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ta ji tana ƙin Dakta Midhat ƙiyayyar da ba ta taɓa yi wa wani ɗan Adam ba.

Ta roƙi Baba Shahata ya mayar da kabad ɗin yadda ya same shi, kuma kada ya faɗa wa kowa. Ya mayar, ya ɗauki bokitinsa ya nufi ɗakin mata yana ta neman tsari. Ita kuwa ta ɗauki gurasarta daga ƙasa, ta karkaɗe ledar, ta zauna ta cinye tas. Rabonta da jin daɗin wake haka har ta manta.

*

Ƙarfe goma Dakta Midhat ya fito zagayen ƙarshe. Yau bai sa farar riga ba, baƙar kwat ya sha, wadda yake zuwa ɗaurin aure da ita, ga turare kamar an yi ɓari. Shirin na biye da shi da sabon ɗankwali, yarinyar da har yau in za ta nemi jijiya sai ta huda mutum sau uku.

Ya leƙo ɗakin gwaji yana murmushi, ya yaba tsafta. Sai idonsa ya sauka ƙasa, ya ga sawun da ƙafafun kabad suka kankara a kan siminti. Ya ɗaga kai, ya ga sabon fenti ya shige har bayan kabad ɗin. Murmushin ya gudu.

Ya aiki Shirin ta duba ko an jera furanni. Ya tura ƙofa da ƙafa.

"Wa ya motsa wannan?"

"Mai fenti," Tahani ta ce, tana goge kwalabe ba ta ko ɗago ba. "Tsoho ne mai son aikinsa, Dakta. Ba ya barin bayan kabad."

"Kin ga wani abu?"

"Ka ce ba na duba bango. Yau na duba."

 Ya sa kafaɗa ya ture kabad ɗin da kansa, yana nishi. Ga takarda nan, fes, a tsakiyar farin bango. Ya kai farce zai ɓamɓare ta, ina! Da gam ɗin kafinta ya manna ta ranar wata Juma'a da ɗakin ke rufe, don kada ta faɗo mai shara ta tsinta. Ya kankara, ya kankara, kusurwa ɗaya kawai ta yage, farcensa ya karye.

Ya buɗe ƙofa ya ƙwala wa Baba Shahata kira, ya ce ya zo ya shafe wurin yanzun nan. Tsohon ya zo, ya dubi hatimi, ya dubi Dakta, ya ce a gafarce shi, hannunsa ba zai iya ba, ko za a hana shi ladan aikinsa gaba ɗaya. In Dakta na so ga buroshi, ya shafa da kansa. Dakta Midhat ya dubi buroshin, ya dubi mikiyar, shi ma hannun nasa ya ƙi. Ya kori tsohon ya sake rufe ƙofa.

Sai ya sauya murya. Ya jawo kujerar marasa lafiya ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Tahani, 'yata, zauna mu yi magana irin ta manya."

"Ubana ya rasu, Dakta. A tsaye ma ina ji."

"To ji da kyau. Kina tsammanin kin kama ni. Doka ta ce a manna sanarwa a bangon asibiti, na manna. Ta ce a ɗauki hoto, na ɗauka. Ta ce ma'aikata biyu su sa hannu cewa sun gan ta a fili har kwana goma sha biyar. Sun sa."

"Su wa?"

"Magatakarda ɗaya." Ya gyara zaman agogonsa. "Ɗayar kuma ke."

Ta ajiye kwalbar da ke hannunta a hankali.

"Ƙarya ne."

"Tahani Abdulmaujud, da wannan doguwar jelar da kike ja a ƙarshen sunanki. Takardar tana cikin fayil ɗin da ke hannun kwamiti yanzu haka."

Nan take ta gane, kuma ta san ba ƙarya yake ba. Kowace safiya magatakarda yakan zagayo da littafin sa hannun zuwa aiki, a ƙarƙashinsa da tarin takardu. Yakan lanƙwasa kusurwarsu ya ce nan, da nan, da nan, kowa ya rattaba da hannu ɗaya, kofin shayi a ɗaya hannun. Ba mai karantawa. In ma ka tsaya karantawa sai ya ɓata rai, ya ce ashe ba ka yarda da shi ba, ya yi mako bai gaishe ka ba. Shekara tara tana sa hannu a haka. A cikin irin waɗannan safiyoyin ne ta shaida da hannunta cewa ta ga sanarwar da aka ɓoye mata.

"Shaidar zur a takardar hukuma," Dakta Midhat ya ce, yana jan kalmomin. "Kin san inda take kai mutum. Ni ina da lauyoyi, ina da mutane a birni. Ke wa kike da shi? Fathi?"

Ya ɗora da cewa:

"Kwantiraginki zai ƙare ƙarshen watan nan. Takardar sabuntawa tana kan teburina. Kwamiti ya zo ya tafi lafiya, in sa miki hannu kafin la'asar. Ki buɗe baki, mu nitse tare, sai dai ni na iya iyo."

Tsoro ya kama ta, ba zan ɓoye muku ba. Ta tuna Ziyad da zai zana jarrabawa bana, ta tuna ƙanwarsa, ta tuna allurar da take yi wa Fathi duk mako. Gidan nan kaf a kan ɗan albashin nan yake tsaye. In aka kore ta yau, gobe ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

Ana haka sai ga ƙarar odar mota daga bakin ƙofa. Dakta Midhat ya zabura, ya rungumi kabad ya mayar da shi wurinsa, ya share sawun ƙasa da takalminsa. Bai lura hannun baƙar kwat ɗinsa ya shafo ɗanyen fenti tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu ba. Tahani ta gani, ta bar shi ya fita da abinsa.

*

Sai wajen azahar kwamiti ya iso ɗakin gwaji. Shugabarsu Dakta Afaf ce, wata 'yar ƙaramar mace mai tabarau a rataye da sarƙa, da takalmi marar tsini. Labarinta ya riga ta zuwa: an ce tana shinshina zanin gado ta faɗi asibitin da aka aro shi. Maza biyu na biye da ita da fayil-fayil, sai Dakta Midhat yana ta washe baki, Shirin a bayansa.

Ta buɗe firij, ta duba kwanan watan magunguna, ta shafa yatsa a saman tebur. Ta tambayi wace ce ma'aikaciyar dindindin a nan, Shirin ta matso tana sunkuyar da kai. Dakta Afaf ta karɓi fayil ɗin ɗaukar aikin, ta buɗe, ta ce abin mamaki, gurbi irin wannan a ce mutum ɗaya ne kawai ya nema. Dakta Midhat ya ce ai mutanen ƙauye sai haƙuri, an manna sanarwa yadda doka ta ce, ga hoto nan, ga shaidu.

Ta juyo ga Tahani.

"Ke fa, kina da wani ƙorafi?"

Tahani ta ji idon Dakta Midhat a kanta. Ta ga fuskar Ziyad. 

"Babu, ranki ya daɗe."

Dakta Afaf ta ɗan dube ta, ta rufe fayil, ta juya za ta fita. Shi ke nan, an gama. Da mutumin nan ya iya riƙe bakinsa na daƙiƙa goma, da ya ci bulus har abada. Amma daɗi ya kwashe shi. Ya yi wata 'yar dariya, ya nuna Tahani da hannun nan mai fenti.

"Tahani ai tamu ce, ƙwararriya. Aibinta ɗaya, ba ta duba bango. Da ta duba, da yanzu ita ce a gurbin."

Mazan biyu suka yi dariyar ladabi. Har Shirin ta murmusa.

Wallahi dariyar nan ce ta ƙarasa shi. Tahani ta ji tsoron ya zube daga jikinta gaba ɗaya. Wata bakwai tana faɗa wa kanta wannan maganar a gaban madubi, yau kuma ga wanda ya ƙirƙire ta yana ba mutane dariya da ita. Ta yanke a ranta, ko za ta kwana a titi da 'ya'yanta, mutumin nan ba zai kwana a kujerarsa ba.

"Ranki ya daɗe," ta ce. "Hoton da ke cikin fayil ɗin nan, a wane bango aka ɗauke shi?"

Dakta Afaf ta tsaya a bakin ƙofa.

"Tahani, baƙi sun gaji," Dakta Midhat ya ce da sauri. "Abinci na jira a ofis."

"Ki duba gefen takardar a hoton. Akwai makunnin lantarki mai fasasshen kunne?"

Ba ta taɓa ganin hoton ba, amma ta ga bangon. Dakta Afaf ta ɗora tabarau a hanci, ta sake buɗe fayil, ta duba.

"Akwai."

Tahani ta tuɓe safar hannunta, ta ajiye a kan tebur. Ta je ta sa kafaɗa a jikin kabad ɗin. Ƙarfe ne mai nauyin gaske, cike da takardun shekara da shekaru, maza ma sai da nishi. Ta tura bai motsa ba. Ta tuna takardar share hawayen da ya miƙa mata, ta ƙara turawa. Kabad ya yi wata ƙara a kan siminti, har ta ɗakin mata sai da aka ji.

Ga sanarwa. Ga hatimin mikiya. Ga kusurwar da farce ya yaga ɗazu. Ga makunnin lantarki da fasasshen kunnensa.

 Shirin ta toshe baki da ɗankwali.

Dakta Afaf ta matsa, ta kara hoton a jikin bango, ta dubi wannan ta dubi wancan. Ta sunkuya ta dubi tsatsar da ƙafafun kabad suka bari a ƙasa, tsatsar shekaru, a daidai gaban takardar. Sannan ta miƙe ta dubi hannun kwat ɗin Dakta Midhat, ta daɗe tana dubansa. Sai a lokacin ya ga fentin. Ya kai hannun baya kamar yaron da aka kama da sukari.

Ya fara magana, wai kuskuren masu shara ne, wai daga baya aka matso da kabad ɗin. Ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya yi shiru. Ta buɗe shafi na gaba a fayil.

"A nan mutum biyu sun shaida cewa sun ga takardar nan a fili har kwana goma sha biyar." Ta bi layin da yatsa. "Wace ce Tahani Abdulmaujud?"

Dakta Midhat ya saki numfashi, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Ni ce," Tahani ta ce.

"Sa hannunki ne?"

"Nawa ne. Ban karanta ba na sa, kamar yadda kowa ke yi a nan duk safiya."

"Kin san abin da wannan ke jawowa?"

"Ya faɗa min ɗazu, a kan kujerar nan. Ki fara da ni, ranki ya daɗe, na yarda. Amma ki tabbata kin ƙare da shi."

Dakta Afaf ta ce wa ɗaya daga cikin mazan ya rufe ƙofa, kada kowa ya fita. Ta miƙa wa Tahani tafin hannu.

"Katin aikinki."

Tahani ta cire shi daga wuyanta. Shekara tara yana rataye a nan, igiyarsa har ta koɗe. Ta ɗora shi a tafin matar, ta ji kamar abincin gidanta ta miƙa.

Dakta Afaf ta zura katin a aljihu. Amma hannun nata bai koma ba. Ta juya shi, a buɗe, zuwa ga mai baƙar kwat.

"Naka fa, Dakta? Haɗo da makullin ofis."